Me ya sa 'yan ci-ranin Latin Amurka ba sa zuwa bincikenmu kan shaye-shaye da ƙanjamau?

"Assalamu alaikum Dakta, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a fannin kiwon lafiyar al'umma a jihar Karolina ta Arewa, a Amurka. An sa ni cikin wani aikin bincike kan shaye-shaye da haɗarin kamuwa da ƙanjamau a tsakanin 'yan ci-ranin Latin Amurka, akasarinsu maza masu aikin gini da gona da kamfanonin gyaran kaji. Mun buga sanarwa da Sifaniyanci, mun liƙa a asibiti da shaguna, mun ce akwai katin sayayya ga duk wanda ya zo. Wata uku ke nan, waɗanda suka kira ba su taka kara sun karya ba. Shugaban aikin ya ce a ƙara kuɗin kawai. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Ina matsalar take? Kuma ni da ba 'yar cikinsu ba, Sifaniyancin ma kame-kame nake yi, ta ina zan shiga?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, amin, na gode. Idan na fahimce ki, abu uku kika haɗa: abin da ya hana mutane zuwa, ko ƙarin kuɗi zai kawo su, da kuma gurbin baƙuwa irinki a aikin. Kin yi daidai da hankalinki bai kwanta ba, don batun kuɗi ba a nan gizo ke saƙa ba. Ki sake karanta sanarwar da kuka liƙa da idon wanda aka rubuta dominsa. Tana neman mutumin da ƙila ba shi da takardar zama ya kira lambar da bai sani ba, ya faɗi sunansa, ya bar aikin yini guda, ya tuƙa mota zuwa ginin da ke da mai gadi a ƙofa, sannan ya zauna gaban wadda bai taɓa gani ba ya zayyana mata abin da yake sha da wanda yake kwana da shi. Kasadar duk a kansa take. Ribar kuwa, wato digiri da maƙala da tallafin baɗi, taku ce. Wanda ya ƙi kira ya iya lissafi.

Aikin naku yana da muhimmanci, kada ki karaya. Ƙidayar 2020 ta nuna 'yan asalin Latin Amurka sun haura miliyan 62 a Amurka, kusan kashi 19 cikin 100 na jama'ar ƙasar, amma a alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, kusan uku cikin goma na sababbin waɗanda ake samu da HIV, ƙwayar cutar ƙanjamau, daga cikinsu suke, mafi yawa maza masu neman maza. Waɗanda aka haifa a waje kuma sun fi yin jinkirin gwaji, sai cuta ta ci jiki ake gano ta. Akwai wani abin da bincike ya sha nunawa wanda ya kamata ki riƙe: sabon zuwa bai kai haifaffen Amurka shan miyagun ƙwayoyi ba, sai ya daɗe a ƙasar abin ke hauhawa. Ke nan ba da shi ya zo ba, a nan ya tarar. Maza shida ko takwas a gidan tirela ɗaya, matan aure da 'ya'ya suna can gida, ba lasisin tuƙi, ba wurin zuwa, ranar Juma'a a biya su kuɗi a hannu. A Durham, nan kusa da ke, Emilio Parrado da Chenoa Flippen sun bi rukunin gidajen haya ƙofa-ƙofa tare da 'yan unguwa da suka horar, suka tarar sama da ɗaya cikin huɗu na mazan sun je wa karuwai a cikin shekara, kuma abin ya fi yawa ga waɗanda ba sa tare da matansu. A New Orleans bayan guguwar Katrina ta 2005, leburorin da suka kwararo aikin sake gina birnin, da yawa daga Honduras, wasunsu sun faɗa shan dasƙararriyar hodar iblis da suke kira "la piedra", alhali ba su san ta a garuruwansu ba.

Abin da suke tsoro

Na farko shi ne "la migra", jami'an shige da fice, kuma ba tsoron banza ba ne. A watan Mayun 2008 an kama kusan mutum 400 a rana ɗaya a wata mayanka da ke Postville a jihar Iowa, mafi yawansu 'yan Gwatamala. A watan Agustan 2019 an kwashe kusan 680 a kamfanonin kaji na jihar Mississippi. Ma'aikatan kajin da kuke nema sun san wannan labari sarai. Ga kuma shirin 287(g), wanda ke ba 'yan sandan ƙaramar hukuma damar yi wa ICE, hukumar kamen baƙin haure ta tarayya, aiki, kuma wasu ƙananan hukumomin jiharku sun daɗe a ciki. Jihar ba ta ba marar takardu lasisin tuƙi. Saboda haka tafiyar minti ashirin zuwa ofishinku tana iya farawa da fitilar baya da ta mutu, ta ƙare a filin jirgi.

HIV ɗin kansa yana da nasa tarihin da shige da fice. Daga 1987 har zuwa Janairun 2010 doka ta hana mai ɗauke da cutar shiga Amurka ko samun izinin zama na dindindin. An soke dokar, amma har yau za ki ji mai cewa in gwaji ya nuna kana da ita za a kore ka. Dokar 2019 da ta ce cin tallafin gwamnati na iya hana mutum katin zama ita ma ta kori mutane daga asibitoci, har da waɗanda ba ta shafe su ba.

A aji za a koya muku abin da likitocin gwamnatin Amurka suka yi a Gwatamala tsakanin 1946 da 1948, inda da gangan suka sa wa mutum sama da 1,300, fursunoni da sojoji da masu taɓin hankali da karuwai, cututtuka irin su tunjere da ciwon sanyi. Sai a 2010 masaniyar tarihi Susan Reverby ta tono zancen, Obama ya kira shugaban Gwatamala ya ba da haƙuri. Mu ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun ga yadda gwajin maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya zama ɗaya daga cikin hujjojin masu ƙin allurar shan inna a 2003. Amma in faɗa miki abin da na gani a aiki, ba kasafai lebura ke kawo maganar Gwatamala ba. Abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya, bayan la migra, shi ne tsegumi. Mutanen nan ba ɗaiɗai suke zuwa ba, ƙauye guda ne ke tasowa ya sauka a unguwa guda. Mai shagon da kuka liƙa sanarwa ƙila ɗan'uwan matarsa ne. In aka gan shi yana yage lambar waya a takardar da aka rubuta ƙanjamau da ƙwaya da manyan baƙaƙe, kafin magariba labari ya isa ƙauyensu a jihar Oaxaca ta Meziko ta WhatsApp. Ku fara da cire waɗannan kalmomi daga fuskar aikin. Ku kira shi nazarin lafiyar maza ma'aikata, sannan a bayanin neman amincewa, ku biyu kaɗai, ku faɗa masa dalla-dalla irin tambayoyin da za a yi.

Ku rage abin da kuke rubutawa

Nan zan fi daɗewa, don nan ne masu bincike suka fi yaudarar kansu. Ana ɗauka amana daɗin baki ce da fara'a da iya gaisuwa da Sifaniyanci. Duk suna da amfani, amma ba sa kare kowa. Abin da ke kare mutum shi ne a tsara aikin yadda ko an fasa ofis an kwashe takardu, ba abin da za a samu a ciki da zai cutar da shi. Abin da ba ku rubuta ba, babu alƙalin da zai iya nemansa.

Ki duba takardar amincewa. Dokar tarayya kan bincike a kan ɗan Adam ta yarda kwamitin ɗa'a na jami'a ya ɗauke sharaɗin sa hannu idan takardar da aka sa wa hannun ita kaɗai ce ke haɗa sunan mutum da binciken, kuma babban haɗarin shi ne tonon asiri. Wannan kamar dominku aka rubuta shi. Ku nemi izinin amincewa da baki: a karanta masa, ya maimaita da bakinsa abin da ya fahimta, mai tambaya ya sa nasa hannun. Na sha ganin mutum ya saurari bayani har ƙarshe yana gyaɗa kai, ana miƙa masa biro ya tuna yana da uzuri. Wasu kuma da sunan aro suke aiki a kamfani, to da wanne zai sa hannu?

Sai tambayar takardun zama. In ba ta cikin ginshiƙan abin da kuke son ganowa, ku cire ta, kuma ku faɗa tun a ƙofa cewa ba za ku yi ta ba. In dole ne, ku kai ta ƙarshe, ku yi ta yadda mutum ba sai ya furta cewa shi baƙon haure ne ba: kana da shaidar zama ɗan ƙasa, kana da katin zama, kana da izinin aiki, kowacce e ko a'a, kuma yana da 'yancin tsallakewa.

Ki tambayi shugabanku ko aikin yana da takardar kariyar sirri da ake kira Certificate of Confidentiality. Asalinta ma don binciken shaye-shaye aka ƙirƙiro ta a 1970, saboda masu shan ƙwaya sun ƙi magana don tsoron 'yan sanda. Tana hana a tilasta wa mai bincike miƙa bayanan da za su nuna wane ne wane, ko da sammacin kotu ne. Tun 2017 duk aikin da NIH, hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ke ɗaukar nauyinsa yana samun ta kai tsaye, sauran kuma sai sun nema. Sai dai kada ku yi alkawarin da ya fi ƙarfinku. Ku gaya masa tun farko cewa in ya ambaci cin zarafin yaro ko niyyar kashe wani ko kansa, za ku kai rahoto. In kuma akwai gwajin HIV a aikin, ya sani cewa tun 2008 duk jihohin Amurka suna kai sunan wanda aka tabbatar yana da cutar ga ma'aikatar lafiya ta jiha, a asirce, don aikin lafiya. Gara ya ji daga bakinku da ya ji ranar da jami'in lafiya ya kira shi. Mutum ɗaya da ya ji an ɓoye masa abu ya isa ya rufe muku unguwa.

Yanzu batun kuɗi. Biyan mutum lokacinsa haƙƙi ne, kuma ni ina ganin tsoron "kada kuɗi ya ja hankalinsu" ya sha zama hujjar yi wa talaka rowa. Ma'aunin mai sauƙi ne: abin da zai samu a waɗannan awoyi in da yana bakin aiki, da kuɗin mota. In ya zarce haka nesa, za ku fara ganin masu cewa suna shan abin da ba sa sha don su cancanta, da mai zuwa sau biyu da suna daban. Abin da ya fi yawan kuɗin muhimmanci shi ne yadda ake bayarwa. Ofishin kuɗi na jami'o'i da yawa yana neman suna da adireshi da lambar Social Security, wadda gwamnati ke ba 'yan ƙasa da masu izinin aiki, kafin ya saki ko dala goma, wato dai ainihin abin da mutumin ba shi da shi. Ku nemi a ɗauke muku wannan a rubuce. Katin babban kanti kuma bai da amfani ga wanda kantin ya yi masa nisa kuma so yake ya tura kuɗi gida. Tsabar kuɗi a ambulan, nan take, ta fi.

Da ɗan gari akan ci gari

Misalin da ya fi dacewa da ku a jiharku aka yi shi. Scott Rhodes na Jami'ar Wake Forest da abokan aikinsa daga cikin al'ummar sun lura cewa abin da ke tara mazan nan duk mako shi ne gasar ƙwallon ƙafa. Sai kowace ƙungiya ta zaɓi mutum ɗaya daga 'yan wasanta, aka horar da shi kan HIV da kwaroron roba da inda ake gwaji, aka kira shi "navegante", wato jagora. Shirin, mai suna HoMBReS, ya ƙara yawan masu gwaji da masu amfani da kwaroron roba, har CDC ta sa shi cikin shirye-shiryen da ta yarda da ingancinsu. Ki lura, 'yan ƙwallon ne suka zaɓi mutuminsu, ba jami'a ba.

Sauran ƙofofin su ne matan unguwa masu wayar da kai kan lafiya da ake kira "promotoras", da teburin lafiya da ofisoshin jakadancin Meziko ke da shi mai suna Ventanilla de Salud, da gidan wanki na inji ranar Lahadi, da kasuwar gwanjo, da bakin shagunan kayan gini inda leburori ke jiran mai ɗauka da asuba. Coci tana buɗe ƙofa da sauri, amma wanda fasto ya turo ba zai ce miki ya bugu ranar Asabar ba. Duk wanda kuka ɗauka daga al'umma ku biya shi albashi, ku ba shi ikon cewa wannan tambayar ba za a yi ta ba, kuma a ji maganarsa. Kwamitin shawara da ake tarawa don a ci abinci a ɗauki hoto, mutane suna gane shi tun zaman farko.

A nan gurbinki yake. Ɗan gari shi ke buɗe ƙofa, amma ba kullum ake so ya ji sirri ba. Na ga mazan da promotora ta kawo da hannunta, da aka zo tambayoyin kwanciya suka nemi a ba su wanda ba ya zuwa cocinsu. Ke baƙuwa ce daga Afirka, ba ki yi kama da la migra ba, ba ki san surukar kowa ba, kuma kin san zafin layin biza da tura kuɗi gida. Ki faɗi haka in an tambaye ki, yana sassauta fuska. Amma da Sifaniyancin kame-kame kada ki karɓi amincewa ko ki yi tambayoyin da kanki. Ki riƙe tsara aiki, da kula da sirrin bayanai, da zuwa filin ƙwallo a saba da fuskarki. Kuma ba a zuwa gidajen tirela da dare mutum ɗaya, mace ko namiji.

Don samun adadi, hanyar da aka fi bi ita ce wadda Douglas Heckathorn ya fitar a 1997 a aikinsa da masu allurar ƙwaya a Connecticut, ana taƙaita ta da RDS. A fara da mutum kaɗan, a ba kowa kati uku ya miƙa wa abokansa, su ma in sun zo a ba su uku, a riƙa rubuta wa ya kawo wa da yawan mutanen da kowa ya sani, don a gyara lissafi daga baya. Tana aiki saboda gayyatar daga bakin aboki take fitowa. Aibinta shi ne sarƙar takan maƙale a wuri ɗaya: in kin fara da 'yan Honduras masu aikin rufin gida, su za ki yi ta gani. Wanda ya fi kowa kaɗaici, wanda ƙila shi ya fi shiga haɗari, ba mai miƙa masa kati. Ku bambanta mutanen farko ta ƙasa da sana'a da unguwa, kuma ku rubuta wannan giɓin a rahoto ba tare da kwaskwarima ba.

Tambayoyin kansu

Ba duk ɗan Meziko ko Gwatamala ne Sifaniyanci ya zama harshen uwarsa ba. A gonaki za ki haɗu da masu jin Mixteco da Zapoteco da Triqui daga Oaxaca, da masu K'iche' da Mam daga Gwatamala, kuma saboda kunya da ladabi za su yi ta cewa "sí" ga abin da ba su gane ba. Ku tambayi harshen da mutum ke yi da mahaifiyarsa tun kafin a fara.

Tambayar giya tana da tarko. Ma'aunin AUDIT na Hukumar Lafiya ta Duniya yana tambayar "sha nawa", kuma a Amurka sha ɗaya shi ne gwangwanin giya mai mililita 355. Mutum zai ce miki biyu ya sha, gaskiya kuma ya faɗa, sai dai "caguama" yake nufi, babbar kwalba mai kusan lita guda, wadda ta kusa sha uku. Ku riƙe hotunan kwalabe da gwangwanaye ya nuna da yatsa. Ku kuma yi tambaya da ranakun mako, domin mai aikin gini yakan wuce Litinin zuwa Alhamis bai kurɓa ba, ya haɗa duka a daren Juma'a da Asabar.

Kada ku tambayi namiji ko shi ɗan luwaɗi ne, zai ce a'a ya tashi. Da yawa suna da mata da 'ya'ya, kuma ba sa ɗaukar kansu haka ko da sun kwana da namiji. Abin da ya faru za a tambaya: a wata shidan da suka wuce, da mata, da maza, ko da duka biyun. Haka batun allura. Wanda bai taɓa yin allurar ƙwaya ba yana iya kasancewa ana yi masa allurar bitamin ko maganin kashe ƙwayoyin cuta a gida, da sirinjin da ya zaga 'yan ɗaki, kuma an rubuta wannan a tsakanin ma'aikatan gona. In tambayarku ta tsaya kan miyagun ƙwayoyi, ya wuce ku. Ga tambayoyi masu nauyi, kwamfutar hannu da abin sawa a kunne, inda murya ke karantowa mutum yana taɓa amsa, tana fitar da gaskiyar da ido da ido ba ya fitarwa, muddin an zauna an nuna wa wanda bai yi nisa a boko ba yadda ake yi.

Kafin ku yi wa mutum na farko gwaji, ku san asibitin da zai karɓi marar inshora in sakamako ya nuna yana da cutar, da sunan ma'aikacin da zai tarbe shi, da wanda zai raka shi. Marasa takardu ba sa cikin inshorar dokar lafiya ta 2010, shirin Ryan White da aka kafa a 1990 shi ya daɗe yana ɗaukar nauyin maganin marasa hali. In kuma za ku sake neman mutum bayan wata shida, ku sani lambar waya tana canzawa, aiki yana kai shi wata jiha. Ku karɓi WhatsApp ɗinsa da lambar mutum biyu da ya yarda a kira, ku amince da shi kan abin da za a ce in wani ya ɗauka, ku ajiye wannan takarda nesa da amsoshinsa, ku lalata ta ranar da aiki ya ƙare.

Abin da na faɗa ya fito ne daga aiki da maza 'yan Meziko da Amurka ta Tsakiya a kudu maso gabashin Amurka, kada ki shimfiɗa shi a kan kowa. 'Yan Puerto Rico 'yan ƙasa ne tun 1917, ba ruwansu da la migra, kuma tarihinsu da allurar ƙwaya daban ne. Mata suna da nasu shingen, musamman wadda sai miji ya yarda za ta fita. Ni kuma ba lauya ba ne, dokokin shige da fice da na wa ya cancanci wane tallafi suna juyawa da kowace gwamnati, don haka ku sa lauyan wata ƙungiyar kare baƙi ya duba takardar amincewarku kafin ku buga.

Ga shugabanku kuwa, ki je masa da lissafi, ba da ƙorafi ba. Kuɗin da yake son ƙarawa a kati ya isa a ɗauki promotora ko navegante biyu na wucin gadi. Ki rubuta masa gyaran da za a kai wa kwamitin ɗa'a: amincewa da baki, biya da tsabar kuɗi ba tare da lamba ba, sauya sunan aiki a sanarwa, da mayar da wurin hira zuwa unguwa da yamma ko ranar Lahadi. Ki kuma shaida masa tun yanzu cewa watannin farko na zirga-zirga ne a filin ƙwallo da gidan wanki ba tare da an cika takarda ko ɗaya ba, don ya sa su cikin jadawalin da zai aika wa masu ba da tallafi.